Kwamishinan Jikwoyi da Tsawon Ɗansa

Duk wanda ya taɓa zama a Jikwoyi, ta bayan layin masu katako, ya san Kwamishina. Ba ɗan sanda ba ne, ko kulki bai taɓa riƙewa ba. Sunansa Sale, tela ne. Ya dai yi shekaru da kekensa a gindin wata bishiya a bakin bariki yana yi wa 'yan sanda facin wando da sa maɓalli, to kun san zama da maɗaukin kanwa. Tun daga nan tafiyarsa ta canja, muryarsa ta canja, ko ruwan wanka yake so sai ya ce wa matarsa Rukayyat, "Oda ce." 'Yan unguwa suka liƙa masa Kwamishina don tsiya, shi kuwa ya amsa, har yana ganin an ɗan rage masa girma.

Ita Rukayyat ba wannan ne damuwarta ba. Ta saba da kurinsa kamar yadda ake sabawa da ƙarar janareton maƙwabci. Abin da ke hana ta jin daɗin tuwo shi ne ɗansu Fatihu. Yaro ya gama sakandare tun da jimawa, ba aiki ba sana'a, kullum yana tashar Nyanya yana kira wa motocin mutane fasinja. Jiya a ce an kama abokinsa da ƙwaya, yau a ce an fasa wa wani kai a kan lodi. In ya wuce magariba bai dawo ba, haka za ta yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da bakin ƙofa da carbi a hannu. Ga shi shekarunsa sun zo gaɓar da in ya wuce ta, aikin kaki ya wuce shi har abada.

Ana nan sai aka sanar a rediyo za a ɗauki sababbin kurata, wai 'yan sandan da ake da su ba su isa ba. Fatihu da ƙafarsa ya je shagon intanet ya nema, kuma Allah ya taimaka sunansa ya fito cikin waɗanda za a tantance. Ranar Rukayyat har sadakar ƙosai ta raba.

"Dole su nemi mutane," in ji Sale, yana kishingiɗe a tabarma. "Ƙasa cike da jama'a, 'yan sanda kuwa kamar nama a miyar gidan biki. Ɗan abin da ke akwai ma rabi suna kasuwa suna riƙe wa matan manya jaka. Da sun tambaye ni tun tuni da an wuce wurin."

"Da ka ce musu me, Malam?"

"Da na ce su ɗauki mutane."

"Kai, sun yi asarar shawara."

Bai ji gatsen ba, don ya riga ya miƙe. "Amma fa ba haka kawai ake shiga ba. Akwai tsawon da ake so, akwai faɗin ƙirji. Kai Fatihu, zo nan, jingina da bango."

Ya zaro tef ɗinsa daga wuya. Tsohon tef ne na ƙyalle da ya gada wurin ubangidansa a Zariya, ya koɗe har ba a san asalin launinsa ba, amma Sale ya fi ji da shi a kan haƙoransa. Ya taka bakinsa da babban yatsa, ya ja shi sama da ƙarfi har tsakar kan yaron, ya ƙanƙance ido, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga mugun abu.

"Bai kai ba. Saura yatsa biyu. Ƙirjin ma da saura."

Rukayyat ta matso ta leƙa tef ɗin. "Malam, sake aunawa."

"Tef ɗina ba ya ƙarya. Ƙugun manya nawa ya zagaya? Ke kika jawo masa, danginku duk kamar turame."

"Kai kuma naku kamar me, da sai ka taka kujera kake sauko da hularka daga ƙusa?"

"Ki bar wannan. Allah ya so ku kuna da ni. Daga gobe na buɗe kwaleji a gidan nan. Yatsa biyu ne zai gagare ni? Ni da nake ƙara wa wando tsawo?"

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ba a ɓoye komai. Kafin a yi haka maƙwabciyarsu Christina mai sayar da shinkafa, wadda kowa ke kira Maman Alex, ta leƙo. Ɗanta Alexander shi ma sunansa ya fito, yaro ne zanƙalele kamar falwayar wuta. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ka" ne.

"Kwamishina, ka sa nawa ma a makarantar. Ko ba komai tukunyana zai huta."

Darasi na farko a bishiyar mangwaron tsakar gida aka yi shi. Sale ya sa Fatihu ya kama reshe ya yi lilo, ya kawo jarkoki biyu cike da ruwa zai ɗaura masa a ƙafa. Aka nemi igiya aka rasa, sai ya cire tef ɗin wuyansa ya ɗaure da shi, yana cewa duk Abuja babu igiya mai ƙwarinsa.

"Malam, haka ake yi a kwalejin gaske?" in ji Rukayyat, hannu a ƙirji.

"Sirrin aiki ne. Farar hula ba ya ganewa."

"Baba, hannuna zai cire," in ji Fatihu daga sama.

"Ɗan sanda ba ya cewa hannuna. Hannun gwamnati ne."

Hannun gwamnati dai bai cire ba, reshen ne ya gaji. Ya ɓalle, ya zo da yaro da jarkoki, ya biyo da wayar da ke kai wa duk gidan wuta, ya sauka a kan farantin tattasan da Maman Alex ta shanya. Fankoki suka tsaya, talabijin suka mutu, mutane suka yi ta fitowa daga ɗakuna kamar an zuba wa tururuwa ruwa.

"Maman Fatihu, ka zo ka ga mijinka," in ji Maman Alex. "Yau wuta ya zo tun safe, abin da ba a taɓa yi ba, shi ne ya kashe da hannunsa."

Wani matashi daga ɗakin ƙarshe ya ce, "A yi haƙuri, Kwamishina ne ya kama mangwaro da laifi."

Sale bai kula su ba. Ya kwance tef ɗinsa daga jarka, ya sake jingina Fatihu da bango. Ya ja, ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa.

"Yatsa uku."

"Uku? Malam, yaron raguwa yake yi?"

"Haka abin yake farawa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."

Darasi na biyu fareti ne. Ana idar da sallar asuba ya fito da usur a baki, ya jera Fatihu da Alexander a lungu, ya kafa musu doka: ba magana, ba waiwaye, ba tsayawa sai an ba da oda. Shi kuma ya tsaya a gabansu yana fuskantar su, yana tafiya da baya, wai haka ya ga manyan saje suna yi. Rukayyat ta biyo su daga nesa da mayafi.

"Lef, rai. Lef, rai. Kai dogo, ƙafar da kake shiga banɗaki da ita, ita ce lef."

A ƙarshen lungun akwai wata kwata da duk ruwan wanke-wanken unguwa ke taruwa. Fatihu ya hango ta a bayan ubansa.

"Baba..."

"Shiru a fareti."

"Baba, akwai..."

"Ka ƙara magana in kore ka daga kwaleji."

Yaro ya yi biyayya. Kwamishina ya taka iska, ya tafi da baya gaba ɗaya, sai ƙafafu biyu a sama da wani ɗan kuka da usur ya yi kafin ya cika da taɓo. Su kuwa ɗalibai, tunda ba a ba su odar tsayawa ba, suka raba kwatar biyu suka wuce, lef rai, lef rai, suka bi ta gefen mai ƙosai, suka nufi titin Karshi. Sai da Rukayyat ta bi su da gudu ta riƙo rigunansu.

Ta dawo ta tarar mutane sun kewaye kwatar, ba wanda ya miƙa hannu.

"Allah ya ja kwana, Kwamishina. Binciken sirri ake yi a ciki?"

"Ya kuwa kama ɓarawon?"

Ya fito yana ɗiga, ya tofar da abin da ya tofar, ya ce, "Gwaji na yi musu, in ga ko za su karya layi. Sun ci."

Daga nan abin ya zama na kullum. Don ƙirji ya buɗe, ya ɗora Fatihu a kan wake da ɗanyen ƙwai, yana sa shi hura tsohon tiyub na babur da baki. Ƙirji bai buɗe ba, ciki ne ya buɗe, har 'yan gida suka fara bin layin banɗaki da harara. Don tsawo kuwa, tunda mangwaro ya yi murabus, aka koma ƙarfen saman ƙofar gida, jarkoki suka ƙaru zuwa huɗu, tef na ɗaure da su. Ana saura kwana kaɗan a je tantancewa aka sake awo.

"Yatsa huɗu," in ji Sale, muryarsa ta ɗan yi sanyi.

Rukayyat ta zauna daɓas a kan turmi. Ita fa ta gama yarda hannu aka sa wa ɗanta. Yaro yana ci yana sha yana komawa ƙasa? In aka ci gaba a haka, kafin azumi sai dai ta goya shi. Ta yi masa tofi, ta turara masa habbatussauda, ta dube shi ta gefen ido, ita dai a ganinta har ya fi ƙofar ɗaki, amma wace ce ita da za ta yi musu da awo?

"Malam, ko mu kai shi kemis ɗin bakin titi? Na ga suna da abin awo a bango."

"A bar tef ɗin da ya auna manyan ƙasa a je wurin mai sayar da maganin mura? Ki daina zubar min da mutunci. Abin da horo bai gyara ba, allura za ta gyara."

Ana gobe tafiya ya wuni a kan keke. Ka'ida ce kowa ya zo da farar riga, farin gajeren wando da farin kambas. Sale ya farke tsohuwar katifa ya yanko soso, ya ɗinke shi a cikin rigar ta wajen ƙirji, dama da hagu. Ya yanka silifa ya jera a cikin kambas, hawa kan hawa.

Fatihu ya same ta a madafa. "Umma, ni fa ba zan sa wannan ba."

Ta san ba daidai ba ne, zuciyarta ta faɗa mata. Amma ta tuna yatsa huɗu, ta tuna tashar Nyanya da yaron da aka fasa wa kai. Ta ce, "Ka sa, ɗan nan. Allah ya ga zuciyarmu."

Filin tantancewar ya cika da samari da 'yan mata, fari fat kamar an sauke balbelu. Iyaye aka bar su a bayan waya cikin rana. Sale ya zo da safari ruwan ƙasa da baƙin gilashi, duk mai kakin da ya gifta sai ya ƙame ya sara masa, ba wanda ya amsa. Bai jima ba ya tara iyaye a gindin wata dalbejiya yana ba su lacca.

"Duk waɗannan da kuke gani a hannuna suka tashi. Akwai wanda ban san ƙugunsa ba?"

Rukayyat kuwa ta manne da waya tana kallon ɗanta. Yana tafiya a kan silifa hawa-hawa kamar agwagwa a kan tayil, ƙirji ya yi gaba.

"Maman Fatihu," in ji Maman Alex a kunnenta, "yaronka aikin ɗan sanda zai shiga ko shayarwa zai yi?"

Aka sa su zagaya fili da sassarfa. Rana ta buɗe, gumi ya karyo, soso ya yi abin da aka halicce shi don shi, ya sha ya ƙoshi. Kafin su dawo zaren gefen hagu ya tsinke, ƙirjin hagu ya gangaro ya zauna a kan cibiya.

Mai kula da layin awo wata Sufeto ce, Margaret, gajeruwar mace mai guntuwar sanda a hammata, ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Maza, kowa ya cire riga da takalmi."

Rukayyat ta rufe ido, ta buɗe. Ta ga sosai lokacin da Sufeton ta sa bakin sandarta ta ɗago jiƙaƙƙen soso sama, yana ɗiga, ta kuma zazzage kambas silifa suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Fili ya ɗauki dariya.

"Kai, aiki ka zo nema ko kwana, da ka taho da katifa? Fita daga layi. Mai maguɗi tun a bakin ƙofa, in aka ba shi bindiga fa?"

Fatihu ya sunkuyar da kai ya fita. Rukayyat mace ce da ko mai ba da hannu a titi ta gani sai ta canja hanya, amma ba ta san lokacin da ta kutsa ta bakin ƙofa ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani kofur ya tare ta, ta durƙusa a nan inda take.

"Ranki ya daɗe, don girman Allah. Yaron nan ko zare bai iya sa wa allura ba. Ya ce ba zai sa ba, mu muka tilasta shi. Ubansa ne tela. Ga shi can, mai gilashi."

Sufeto ta dube ta, ta dubi gindin dalbejiya. "A kira min shi."

Da kofur ya je, Sale ya gyara wuyan riga ya dubi iyayen. "Kun gani? Na ce muku sai sun neme ni." Ya shigo yana lef rai, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, ya sara.

Sufeto ta ce ya cire gilashin. Ta ɗan karkata kai. "Ba Sale mai faci ba ne, na bakin bariki? Kai ka taɓa sa min jan maɓalli a baƙar riga."

"Baƙin ne ya ƙare ranar, ranki ya daɗe."

"Wannan aikinka ne?"

"Ɗan gyara ne. Yaron ya gaza da yatsa huɗu, shi ne na cike wa gwamnati."

Ta juya ta dubi Fatihu da ke tsaye ba takalmi, daga sama har ƙasa. "Wannan ne ya gaza? Kai, zo ka jingina da katakon nan."

Katako ne dogo da aka ja wa jan layi a daidai tsawon da ake so. Fatihu ya jingina. Kansa ya rufe layin ya wuce, har da rara. Kofur ya zagaya masa ƙirji da nasu abin awon, ya ce, "Ya kai, madam, ya ma fi."

Rukayyat ta ɗaga hannu sama. Tana shirin yin hamdala sai ta ji muryar mijinta.

"Ba daidai ba ne. Katakonku ya lalace."

Rukayyat ta matsa kusa da shi.

"Malam," in ji ta a hankali.

"Ki bari, a kan gaskiya nake. Ni na haife shi, ni na auna shi. Wallahi yaron nan bai kai ba. Gajere ne, ranki ya daɗe, gadon uwarsa ya yi."

"Malam, don Allah ka rufa mana asiri."

"In rufa asiri a ce tef ɗina ya yi ƙarya?"

Sufeto Margaret ta sauke sandarta. "Tunda nake aikin nan na ga masu kuka, na ga masu kawo takardar manya. Yau na fara ganin uban da ya ɗaukaka ƙara don a kori ɗansa. Kawo tef ɗin."

Ya miƙa da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Kofur ya taka bakinsa ya miƙe shi a jikin katako. Lambar da ya kamata ta zauna a kan jan layi ta haye can sama, lambobin duk sun miƙe sun rame kamar an ja cingam.

"Me kake yi da shi ban da awo?"

Sale ya kau da kai. Fatihu ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Da shi ake ɗaura min jarkokin ruwa a ƙafa, don in ƙara tsawo."

Wannan karon har kofur sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Daga bayan waya aka jiyo Maman Alex tana ba sauran iyaye labarin mangwaro da kwata, da hannu da ƙafa.

"To, oga Sale, horonka ya yi aiki," in ji Sufeto. "Ɗalibi ɗaya ya ƙara tsawo. Sai dai ba shi ya nemi aikin ba." Ta dubi Fatihu. "Kwashe katifar nan ka kai bola, ka koma layi. Don uwarka na yi. Saura jarrabawa a gaba, in ubanka ya ce zai koya maka, ka kawo rahoto ofis." Ta naɗe tef ɗin ta miƙa wa Rukayyat. "Madam, riƙe wannan. Wancan ma ki riƙe shi."

A keke-napep ɗin komawa Sale ya sunkuyar da kai har suka wuce Nyanya. Rukayyat har ta fara jin tausayinsa. Sai ya gyara zama ya ce, "Kin dai ga yadda Sufeton ta gane ni nan take."

Watanni suka shuɗe, sunan Fatihu da na Alexander suka fito cikin waɗanda za su tafi kwalejin gaske. Ranar tafiya gidan ya cika da 'yan sallama, an aske wa yaran kai tal. Sale na tsakiya yana bayani cewa ba don tubalin da ya aza ba da ba a kai nan ba, kuma yana tunanin buɗe reshe a Karshi tunda har yanzu ƙasa na neman 'yan sanda. Can ya shafa wuyansa ya ji wayam.

"Rukayyat, ina tef ɗina? Bari in auna yaron nan in ɗinka masa kakin ko-ta-kwana."

Ta nuna masa tsakar gida da baki. Ga shi can ta ɗaura bakinsa a kututturen reshen mangwaro, ɗaya bakin ta haɗa da ɗan tsumma zuwa ƙarfen taga, ta shanya jiƙaƙƙun zannuwa a kai har ya lanƙwasa.

"Yana horo, Malam. Saura yatsa biyu ya kai taga."